Tseren Jamus na 1957 a Kan Ma'auni

In masana tseren motoci suka zauna hira, aka tambaye su wane tsere ne ya fi kowanne a tarihi, da yawansu ba su ko numfasawa sai su ce wanda aka yi a ƙasar Jamus ran 4 ga watan Agusta, 1957, watau ranar da Juan Manuel Fangio, mutumin Ajantina, ya kamo samari biyu na Ingila bayan sun yi masa nisa ƙwarai, ya wuce su ana gab da tashi. An rubuta labarin nan a littattafai da jaridu ba iyaka, har ya zama kamar kirarin maroƙa, kowa ya karɓa daga bakin wani, ya ƙara gishiri, ya miƙa wa na gaba. Abin da aka daɗe ana yabo haka kuwa ya cancanci a ɗora shi bisa ma'auni, a sheƙe shi, a ga nawa ne tsaba nawa ne ƙaiƙayi.

Irin tseren nan shi ake kira Fomula 1. Motocinsa ba su ɗaukar kowa sai direba, kujera guda ce tak, ba rufi, tayoyin suna waje tsirara. Tun daga 1950 ake yin gasar duniya da su: kowace shekara a yi tsere a ƙasashe dabam dabam, a raba maki, wanda ya fi tara maki shi ne zakaran duniya na shekaran nan. A zamanin da ake magana, wanda ya zo na ɗaya maki 8 yake samu, wanda ya fi kowa saurin kewaye filin sau ɗaya kuma a ƙara masa maki 1.

Filin da aka yi tseren, Nurburgring, ba fili ba ne irin na sukuwa inda mai kallo zai ga dawaki tun daga tashi har tiƙewa. Hanya ce ta kwalta da aka buɗe a 1927 cikin duwatsun Eifel, a yammacin Jamus, ta ratsa daji ta kewayo inda ta faro. Tsawonta a lokacin mil 14 da 'yan kai, watau kilomita 22.8, da kwana fiye da 170, da hawa da gangara, tsakanin tudunta da kwarinta wajen ƙafa dubu. Akwai wuraren da mota ke tashi sama tayoyi huɗu duka in an zo da gudu. Gefen hanyar kuwa a lokacin shinge ne da rami da itatuwa. Ran nan sau 22 aka ce a kewaye ta, jimla mil 312 ke nan, kowane kewaye kuma yana cin minti tara da rabi ko kusa da haka. Ya kamata mai karatu ya riƙe minti taran nan a ka, don a cikinsu rabin asirin labarin yake.

Fangio yana da shekara 46 a lokacin, ya riga ya zama zakaran duniya sau huɗu, a 1951 da 1954 da 1955 da 1956. A shekaran nan ma ya ci tseren Ajantina da na Monako da na Faransa. Motarsa Maserati ce ta Italiya, samfurin da ake kira 250F. Abokan hamayyarsa su ne Mike Hawthorn mai shekara 28 da Peter Collins mai shekara 25, aminan juna, dukansu cikin motocin Ferrari. Mutanen Ferrari suka shirya su cika tanki, su yi tafiyar duka ba tsayawa. Mutanen Maserati kuwa suka san tayoyinsu masu taushi ne, sun fi kama hanya amma ba za su kai ƙarshe ba, sai suka zuba wa Fangio rabin tanki, don motar ta yi sauƙi ya tsere, in ya sami rata ya tsaya a ƙara mai a sake tayoyi.

Da aka tashi, samarin suka fara shiga gaba. A kewaye na 3 Fangio ya wuce su, ya yi ta ja har ratar ta kai kusan rabin minti. Ƙarshen kewaye na 12 ya shiga rumfar gyara. Tayar irin motocin nan da noti guda babba ake ɗaure ta, ana buga shi da guduma. Sai notin tayar baya ya suɓuce wa makaniki, ya gangara ƙarƙashin mota, aka shiga lalube. Tsayawar da aka yi nufin ta ci rabin minti ta kusa ninkawa. In an haɗa da rage gudun shiga, da tashi daga tsaye da nauyin mai, ko da aka sake aunawa sai ga Fangio na uku, wajen sakan 50 a bayan samarin, saura kewaye 10. Daga nan ya shiga karya bajintar saurin filin, kewaye bayan kewaye, har a na 20 ya yi minti 9 da sakan 17.4. A na 21 ya wuce Collins, ya wuce Hawthorn. Ya ci tseren da ratar sakan 3.6, bayan tuƙin awa uku da rabi, ya zama zakaran duniya karo na biyar.

Iyakar abin da ya faru ke nan. To, sai a dubi abin da masu ba da labari suka yi da shi.

Abu na fari da suka fi ɗaga murya a kansa shi ne lissafi. Sukan ce bajintar saurin filin ta 1956, wadda Fangio da kansa ya kafa, minti 9 ce da sakan 41.6, ga shi ya rage sakan 24 daga ciki, wane ɗan Adam ne zai iya haka? Lissafin daidai ne, amma fa an ɓoye wani abu. Kafin tseren 1957 an sake shimfiɗa kwalta a sassan hanyar, motoci da tayoyi kuma sun ƙara kyau. Shaida kuwa ita ce, a ranakun gwaji kafin tsere, Fangio ya yi minti 9 da sakan 25.6, Hawthorn ya yi minti 9 da sakan 28.4. Ashe Hawthorn ma, wanda ba a yi masa kirari, ya riga ya rage sakan 13 daga tsohuwar bajintar tun ba a fara tsere ba. Rabon kwalta da makera ke nan, ba na direba ba. Awon gaskiya shi ne a gwada Fangio da Fangio: abin da ya yi a gwaji, da abin da ya yi a kewaye na 20. Bambancin sakan 8 ne da kaɗan. Wannan ya fi 24 ƙanƙanta a baki, amma ya fi shi nauyi ga wanda ya san sana'ar, domin a gwaji ne direba ke fitar da iyakar ƙarfinsa, da sabuwar taya, da hutaccen jiki, na kewaye guda. A ce mutum mai shekara 46, bayan ya yi awa uku yana kokawa da sitiyari cikin zafin inji, ya fi kansa na gwaji da sakan 8, wannan shi ne abin mamakin. Masu kirari sun bar zinariya sun ɗauki tagulla don ta fi girma.

Kuma lambar nan ba ta yi ƙarko ba. Shekara guda kawai, a 1958, Stirling Moss ya kewaye filin cikin minti 9 da sakan 9.2 da motar Vanwall. A 1975 Niki Lauda ya yi shi cikin abin da bai kai minti 7 ba. Duk wanda ya rataya darajar ran nan a wuyan agogo, agogo zai kunyata shi.

Abu na biyu, ana yaba dabarar rabin tanki kamar ita ce ta ci tseren. A nan ma sai a yi hattara. Ratar da Fangio ya samu kafin ya tsaya ba ta wuce rabin minti ba, tsayawar kanta ko an yi ta lafiya rabin minti za ta ci, ban da shiga da fita. Watau ko noti bai ɓace ba, da wuya ya fito gaban samarin. Dabarar ba ta biya kanta ba, tilas ce tayoyi suka ɗora musu, suka yi mata ado suka kira ta dabara. Amfaninta na gaskiya daga baya ya bayyana, lokacin da Fangio ke bisa sababbin tayoyi, su kuwa samarin suna bisa waɗanda suka ci mil 200 da wani abu. Wata biyar bayan haka, a Ajantina, cikin Janairu 1958, Moss ya yi kishiyar wannan: kowa na jiran ya tsaya sake taya, ya ƙi tsayawa, ya kai ƙarshe da tayoyi sun cinye har zare ya fito, ya ci motocin Ferrari. Tsayawa ta ci, rashin tsayawa ta ci. Ba a dabarar abin yake ba, a hannun mai riƙe da ita yake.

Inda labarin ya fi daɗi, kuma inda aka fi gaggawar wucewa, shi ne abin da ya faru a rumfar Ferrari. A zamanin nan babu rediyo tsakanin direba da mutanensa. Allo ne ake ɗaga masa in ya zo wucewa, an rubuta ratar da ke tsakaninsa da na baya. To, a lura da yadda abin ke tafiya. Sa'ad da Hawthorn ya iso gaban rumfa, Fangio bai iso ba tukuna, saboda haka ba a san ratar wannan kewayen ba, sai dai a nuna masa ta kewayen da ya wuce. Labarin da ke kan allo ya riga ya kwana minti tara kafin ya karanta shi. In Fangio ya soma matsawa a wani kewaye, mutanen rumfa ba za su sani ba sai ya gama shi, Hawthorn kuwa ba zai ji ba sai ya gama na gaba. Kewaye biyu ke nan, mil 28, mai bi yana cin rata, wanda ake bi yana tafiya da zuciya kwance. Kamar sarki ne da ɗan aikensa ke zuwa masa kullum da labarin jiya, alhali mahara sun riga sun ƙetare kogi.

Har wa yau, da Fangio ya fita daga rumfa bai matsa nan da nan ba, kewaye ɗaya ko biyu ratar ba ta ragu ba. Waɗansu sun ce da gangan ne, an shirya haka don mutanen Ferrari su zaci motarsa ta sami matsala. Waɗansu sun ce sababbin tayoyi ne ba su zauna ba tukuna, ga nauyin mai. Masu son labari mai armashi sun fi son magana ta fari, amma ko wace ce gaskiya, sakamakon ɗaya ne: aka ɗaga wa samarin allo cewa su tafi a hankali, su lallaɓa motoci. Suka sassauta, har suna musayar gaba tsakaninsu kamar masu kilisa. Ko da allo ya sake magana, an makara.

Wannan bai rage wa Fangio kome ba, sai ma ya ƙara masa. Ya san filin, ya san tsawonsa makami ne, ya yi aiki da shi. Amma ya rage wa labarin da ke cewa samari biyu sun yi iyakar gudunsu kewaye goma, tsoho ya kamo su duk da haka. Ba haka aka yi ba. Dubi abin da ya biyo bayan wucewar: Collins ya koma baya, kulocin motarsa ya lalace, an kuma ruwaito cewa tsakuwar da tayar Fangio ta watso ta fasa masa tabarau, ya ƙare sakan 35 a baya. Hawthorn kuwa ya manne, kewaye ɗaya da rabi Fangio bai iya yakice shi ba, da tayoyin da suka yi kusan mil 300. In akwai wannan gudun a cikin Ferrari a kewaye na 22, ina yake a na 14 da na 15? Da an ɗauko shi da wuri, sakan 3.6 ba wani abu ba ne. Tseren nan Fangio ya ci shi da hannunsa, Ferrari kuma ta ba da shi da allonta, duka biyun gaskiya ne, mai adalci ba ya faɗin ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Saura tuƙin kansa, watau kewaye shida ko bakwai ɗin nan na ƙarshe. Babu mahalukin da ya gan su duka. Mai kallo yana tsaye a kwana ɗaya, mota ta wuce shi kamar walƙiya, sai kuma bayan minti tara. Abin da aka sani daga agogo ne, da kuma bakin direbobin. Fangio ya bayyana cewa ya riƙa shiga kwanoni da giyar da ta fi wadda ya saba girma, watau inda ya saba sauka ya rage gudu sai ya ƙi, ya bar motar ta zame ya tare ta da sitiyari da totur. Akwai wuraren da ya saba ɗaga ƙafa don kada mota ta tashi sama, ran nan bai ɗaga ba. Ana cikin haka kujerarsa ta kwance, sai da gwiwoyi ya riƙa tokare jikinsa. Motar ba ta da ɗamarar kujera, tankin mai yana bayansa daidai gadon baya, hular kansa kuwa ba ta fi ta 'yan wasan folo kauri ba. A kewaye na 20 ɗin nan matsakaicin gudunsa ya haura mil 91 cikin awa, a hanyar da ba ta da miƙaƙƙen wuri mai tsawo sai guda.

A nan ne ya kamata a saurari mai abin, a bar 'yan kirari. Fangio ba mutum ne mai ganganci ba. Sunan da ya yi, na mai cin tsere da mafi ƙarancin gudun da zai isa ne, in ya ga ya sami gaba sai ya lallaɓa inji. Ya san kuɗin kasada sarai. A 1948 motarsa ta kife a ƙasar Peru cikin wani dogon tsere, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya rasu. A 1952 ya karya wuya a Monza, ya yi watanni yana jinya. A 1955 a Le Mans yana bayan Pierre Levegh daf, sa'ad da motar Levegh ta afka cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka hallaka. Mutumin da ya ga waɗannan, shi ne ya ce bayan tseren Jamus bai taɓa tuƙi irin na ran nan ba, ba ya kuma son ya sake, har ya yi kwana biyu barci ya ƙaurace masa, in ya rufe ido sai ya ga kwanonin nan. Marubuta sukan kawo maganan nan a ƙarshen labarinsu kamar tambarin nasara. In an duba da kyau, magana ce ta wanda ya leƙa rijiya ya ja da baya. Kuma ya cika ta: a tsere biyun da suka rage a shekaran, Pescara da Monza, ya zo na biyu bayan Moss bai yi wani yunƙuri irin wancan ba. Nasarar Jamus ita ce ta 24 a gare shi cikin tsere 51 na gasar duniya, ita ce kuma ta ƙarshe.

Akwai ma tambayar da ba a cika yi ba: shin tilas ne ya yi haka? Yana gaba da kowa a maki nesa ba kusa ba, da ya zauna na uku ma da wuya sarautar shekaran ta kuɓuce masa. Lissafi bai bukaci abin da ya yi ba. Wannan ne wuri guda a rayuwarsa ta tsere da zuciya ta rinjayi lissafi, abin ban mamaki kuwa da wurin nan guda aka fi tuna shi, aka manta da sauran 23 da ya ci da natsuwa. Duniya ta fi son ranar da mai hankali ya yi wauta ya tsira, bisa ga shekarun da ya yi yana hankali. Ba laifi a yi sha'awar ran nan, gwaninta ce da ba a musunta. Laifin shi ne a miƙa ta ga yara masu tasowa a ce ga yadda gwani ke yi, alhali gwanin da kansa ya ce kada a maimaita.

Masu ba da labari sukan rufe littafi a inda Hawthorn da Collins ke murna suna taya Fangio farin ciki a kan dakalin karɓar kyauta. Murnar kuwa ta gaskiya ce, don akwai zumunci tsakaninsu. Collins ɗin nan shi ne a Monza a 1956, lokacin da motar Fangio ta lalace, ya sauka daga tasa ya ba shi, alhali shi ma yana da damar zama zakara, Fangio ya ƙarasa da ita ya ci sarautar shekaran. Amma shafin da ke biye ya kamata a karanta shi tare da wannan.

Mutum huɗu na farko a tseren Jamus su ne Fangio, Hawthorn, Collins, sai Luigi Musso, shi ma na Ferrari. Ran 6 ga Yuli, 1958, a Reims ta Faransa, Musso na bin Hawthorn ya kauce hanya a wata kwana mai gudu, ya rasu. Ran 3 ga Agusta, shekara guda ba kwana ɗaya da tseren da ake yabo, a Nurburgring ɗin dai, Collins na bin Tony Brooks, motarsa ta fita hanya a wurin da ake kira Pflanzgarten, ta wurga shi jikin itace, Hawthorn yana bayansa yana gani. Ya cika a asibiti a Bonn yana da shekara 26. Hawthorn ya ƙarasa shekaran, ya zama zakaran duniya da ratar maki ɗaya tak bisa Moss, ya ajiye tsere nan take. Ran 22 ga Janairu, 1959, ya rasu cikin haɗarin mota a hanyar kowa da kowa kusa da Guildford a Ingila. Wata 18 ba su cika ba, uku daga cikin huɗun nan sun tafi. Ba wanda zai ɗora alhakin wannan a kan tseren 1957, ajali ba ya jiran dalili. Amma wannan shi ne tebur ɗin da Fangio ya yi cacarsa a kai, wanda bai san haka ba kuwa bai san nauyin abin da yake yabo ba. Shi ma filin, sai da Lauda ya ƙone a cikinsa ran 1 ga Agusta, 1976, sa'an nan motocin Fomula 1 suka bar doguwar hanyar nan, ba su sake komawa kanta ba.

Tseren Reims ɗin da Musso ya rasu a cikinsa shi ne na ƙarshe da Fangio ya shiga. Maserati ta riga ta janye daga gasar saboda ƙarancin kuɗi, motarsa ta zama tsohon yayi, yana tafe na huɗu. A kewaye na ƙarshe Hawthorn, wanda ke kan gaba, ya iso bayansa zai riɓanya shi da kewaye guda, sai ya taka birki, ya bar dattijon ya ƙetare layi a gabansa. Fangio ya sauka daga mota ya ce ya gama. Sarautarsa biyar ta tsaya ba wanda ya wuce ta sai a 2003, da Michael Schumacher ya ci ta shida. Ya rasu a Buenos Aires ran 17 ga Yuli, 1995, yana da shekara 84, aka kai shi Balcarce, garin da aka haife shi, aka binne.